Shirun Malama Bahijja

Ni dai tun asali ban ga abin so a ƙwallo ba. Ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda da a gona aka sake su sai su nome ta kafin azahar, su taru suna bin fata guda da aka hura wa iska, suna ihu kamar an yi gobara. Kuma da yake Allah ya so ya jarraba ni, bayan gidanmu a Unguwar Hajji manne yake da filin makarantar firamare, inda ƙungiyar Taurari take yin tirenin, wato atisaye, kowace la'asar. Ban san iyakar lokutan da ƙwallonsu ta tsallako katanga ta faɗa mini cikin shanyar gyaɗa ba. Ranar da ta fasa mini randa kuwa, wuƙa na ɗauko na rantse sai na farke ta. Kocinsu, wani mai gyaran injin ban-ruwa da ake kira Dabo, shi ya zo ƙofar gida yana ɗingishi, don a wannan shirmen ya lalata gwiwarsa tun yana saurayi. Ya yi ta cewa, "Inna Saude, a yi haƙuri, yara ne." Na wurga masa abarsa na ce ya je ya nemi aikin yi.

To yau wannan Dabon nake sa wa albarka bayan kowace salla, kuma zan faɗi dalili.

Bahijja 'yata ce ta uku. Ita kaɗai a cikin 'ya'yana ta yi karatu har ta zama malama, aka kuma ba ta aji a makarantar nan ta bayan gidanmu. Idan yara suka tare ta a hanya suna "Malama, Malama", sai in yi kamar ban ji ba, amma a cikin raina ji nake kamar an ba ni kujerar Makka. Tana son aikin nan fiye da yadda nake son fura. Ko zazzaɓi take yi sai ta ja jiki ta tafi, wai yaranta za su zauna banza.

Da kakar bara, Taurari suka kai wasan ƙarshe na wani kofi da ake bugawa tsakanin ƙungiyoyin Karaye da na Rogo. Gari ya rikice. Mai cin musu ƙwallo wani yaro ne, Zaharaddini, dogo, mai tafiyar isa. Yara suna aski irin nasa, masu babura suna liƙa hotonsa, mai shayi ba ya karɓar kuɗinsa. Kawunsa kuma yana aiki a ofishin hakimi, don haka ta ko'ina yaron a jingine yake.

Wata Alhamis Bahijja ta makara ba ta dawo ba. Da ta shigo kuma ba ta yi sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Hijabinta a yage ta wuya, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta wuce ɗaki, na ajiye muciya na bi ta.

"Ke, lafiya? Me ya same ki?"

Sai da na girgiza ta sannan ta yi magana. Ta tsaya duba aikin yara bayan an tashi. Zaharaddini ya riga 'yan'uwansa zuwa fili, ya leƙo ajin ya ce ruwa yake nema. Kafin ta amsa ya shigo ya tura ƙofa, ya ce ya daɗe yana kallonta ta taga, ya kama ta da ƙarfi ya sa hannu inda ba shi da hurumi. Ta gartsa masa cizo a hannu ta ƙwace ta fito da gudu. Allah ya tsare bai kai ga abin da ya nufa ba, amma wanda ya ga idon 'yata a ranar ba zai ce ba a yi komai ba.

Na rungume ta, zuciyata rabi tausayi rabi fushi. Da za a miƙo mini yaron nan a lokacin, wallahi da taɓarya zan gaishe shi.

Da maigidana Malam Sabi'u ya dawo daga gona na kwashe labari na gaya masa. Malam mutumin kirki ne, amma irin masu kirkin nan ne da ko akuyarsu aka sace sai su ce wataƙila ɓarawon ya fi su buƙata. Na ce a kai magana gaban hukuma. Ya girgiza kai.

"Saude, 'ya mace ce fa. Idan magana ta fita ita za ta kwana a ciki. Bari in sami Alhaji Badaru, shi ne uban ƙungiyar, ya tsawata wa yaron a sirrance."

Alhaji Badaru shi yake saya musu riguna da takalma, shi yake ɗaukar musu mota idan za su wasa a waje. Na san abin da mai irin wannan ɗawainiya zai fi tsoro ana gab da wasan ƙarshe, amma Malam ya riga ya sa hula.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga su sun cika mana zaure: Alhaji Badaru da babbar riga, kawun Zaharaddini, dattawa biyu na unguwa, sai Dabo can ƙarshe kusa da takalma. Shi mai laifin ba a ma zo da shi ba. Mace ba ta shiga zauren maza, don haka na laɓe bayan ƙyaure ina leƙe ta wata tsaga. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali, aka tambayi amfanin gona, aka yi maganar farashin taki.

Daga ƙarshe Alhaji ya gyara murya. "Malam Sabi'u, mu duka nan 'yan gida ɗaya ne. Yaron nan mun tambaye shi, ya ce wasa ne, bai nufi komai ba. To ko ma an yi wani abu, sharrin shaiɗan ne da ƙuruciya. Ga wasan Rogo ya matso, idon mutane na kanmu. Abin da ya kawo mu shi ne a rufa wa juna asiri. A kira yarinyar."

Bahijja ta fito ta durƙusa a bakin zaure, kai a ƙasa.

"Malama, sannu. Kin dai yafe ko?"

Shiru.

"Na ce kin yafe masa, don Allah da Annabi?"

Shiru. Ina ganin yatsunta suna murza gefen hijabi.

Alhaji ya dubi dattawa ya yi murmushi. "To alhamdu lillahi. Shirun budurwa ai amincewa ce. A yi fatiha."

Aka shafa. Na so in ture ƙyauren in shiga, amma na tsaya inda nake. Maganar nan ta shirun budurwa, mu dai a wajen tambayar aure muka san ta, idan kunya ta hana yarinya ta ce tana so. Su kuwa suka ɗauko ta ɗungurungum suka aza a inda ba gurbinta ba. Wace 'yar mutunci ce za ta buɗe baki a gaban ubanta da dattawan unguwa ta faɗi inda namiji ya taɓa ta? Mu muka koya mata kada ta ɗaga ido gaban manya, sannan da wannan tarbiyyar aka ɗaure ta.

Alhaji ya kwance ƙullin goro aka zagaya da shi. A wajenmu wanda ya ci goron sulhu ya ɗaure bakinsa ke nan, ba ya sake tayar da maganar. Malam ya ɗauka ya ci. Da ƙullin ya isa wajen Dabo sai na ga ya miƙa shi gaba bai ɗauka ba. Na gani sarai, amma ban ba shi wata ma'ana ba. A idona duk kanwar ja ce.

Asirin da aka ce an rufa, kafin Lahadi ya zagaye gari, kuma a juye. A wajen niƙa na ji wata tana cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, me ya zaunar da ita a aji ita kaɗai? A teburin mai shayi aka ce mutanen Rogo ne suka saye ta don ta karya ƙungiya. Wasu suka ce ita ta daɗe tana binsa ya ƙi ta. Hujjarsu duka ɗaya ce: ai an tambaye ta a gaban ubanta ta kasa cewa komai. Shi kuwa gogan yana nan yana wucewa ta ƙofar gidanmu a kan babur, da la'asar kuma ina jin ana kiran sunansa a fili ana tafi.

Bahijja ta daina zuwa makaranta. Tagar ajinta filin take kallo. Ta daina cin abinci sai na tsare ta, ta daina fitowa tsakar gida. Wata safiya ta ce mini, "Inna, zan ajiye aikin nan. Zan koma wajen Yaya a Yammedi, inda ba wanda ya san ni." Duk kaifin bakina da ake faɗa a unguwa, ranar bai yanka mini komai ba.

Ana cikin haka, da hantsi, sai na ji sallamar tsohuwa. Goggo Tasalla ce, ƙanwar mahaifin Dabo, wadda kowa a unguwar yake kira Goggo, babba da yaro. Na shimfiɗa mata tabarma, ba don raina ya so ba.

"Ina kwana, Goggo? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Saude. Ya Malam? Ya yara? Ya kuma muka ji da wannan abu?"

"Da godiya. In dai wani goron aka aiko ki da shi, Goggo, mun ƙoshi."

Ta yi dariya ta buɗe tafin hannunta. "Hannu rabbana na zo. Dabo ne ya aiko ni. Ya ce ranar nan zaure aka tambaya, ba a tambayi yarinya ba. Ya ce shi namiji ne, ba zai yiwu ya ji daga bakinta ba, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In ta yarda in ji, in ba ta yarda ba in koma yadda na zo."

Na tsaya ina kallonta. Ban taɓa jin an zo wa ƙaramar yarinya da "in ta yarda" ba.

Goggo ta ɗauki ƙwaryar gyaɗar da nake ɓarewa ta shiga ɗakin Bahijja. Abin da ta fara tambaya shi ne, "'Yar nan, Innarki ta zauna ko ta ba mu wuri?" Bahijja ta ce in zauna. Sai Goggo ta zube gyaɗa a tsakaninmu ta ce kowa ya sa hannu. Ba ta kalli fuskarta ba, ba ta matsa mata ba, muka yi ta ɓara tana ba mu labarin yadda jikanta ya haɗiye ƙwandala. Duk macen da ta taɓa zama da mata ta san magana mai nauyi ta fi fitowa idan hannu yana aiki. Can kuwa Bahijja ta fara, a hankali, idonta a kan ɓawo, ta faɗi komai daga farko har ƙarshe. Goggo ba ta katse ta ba. Ba ta ce me ya hana ki kulle ƙofa ba, ba ta ce ko kin taɓa yi masa dariya ba.

Da ta gama, Goggo ta ce, "To yanzu ba dattijo a nan, ba baƙo. Kin yafe?"

Bahijja ta ɗago kai, karo na farko tun ranar Alhamis ɗin.

"Goggo, ba wanda ya ce an yi mini laifi. Wasa aka ce. To me zan yafe?"

"Me kike so a yi?"

"Ina so in koma ajina ban gan shi ta taga ba. Kuma ina so a kai maganar inda ake bincike, a tambaye shi yadda aka tambaye ni."

Goggo ta kakkaɓe zaninta ta miƙe. "Shi ke nan abin da zan kai. Sauran da kika faɗa mini yana cikina, sai in ke kika ce a fitar."

Da la'asar ta yi ban ji ƙarar ƙwallo ba, sai muryoyi. Na kifa turmi a jikin katanga na hau, ni da girmana, na leƙa. 'Yan wasa suna zaune a gindin darbejiya, Dabo a tsaye da gurguwar ƙafarsa. Zaharaddini yana gefe, hannunsa naɗe da tsumma.

Dabo ya ce, "An kawo ƙorafi a kan ɗaya daga cikinmu, kun san wane ne. Na zauna da shi da safe na ji nasa. Ni ba alƙali ba ne, ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba, akwai masu wannan aikin kuma za a kai musu. Amma rigar nan ta unguwa ce, iyayen mutane da ƙannensu mata suna cikin masu yi mata tafi. Ba zai sa ta ba sai an gama bincike. In an wanke shi, da hannuna zan miƙa masa, in nemi gafararsa a gabanku."

Wani ya ce, "Koci, ba an yi sulhu ba?"

"Maza sun yi sulhu da maza. Wadda abin ya shafa ba ta ce uffan ba. Kuma ku ji ni da kyau, duk wanda na ji ya kama sunanta, a teburin shayi ne ko a waya, ya ajiye mini takalmi ya kama gabansa. Daga gobe kuma mun bar filin nan, akwai saurar Malam Abdulmumini, gonar nan da ba ya nomawa, a bakin fadama, can za mu koma. Makaranta ta malamai ce da yara, aro aka ba mu."

"To Rogo fa, Koci? Wa zai ci mana?"

"Mutum goma sha ɗaya za su fito mana da su. Mu ma ba mu gaza haka ba."

Zaharaddini ya tashi yana zage-zage ya hau babur ya tafi, mutum biyu suka bi shi. Sai mai tsaron ragar ƙungiyar, wani ƙaƙƙarfa da ake kira Muhsin, wanda shi ne kyaftin, ya ce, "Mun ji, Koci." Sauran suka zauna.

Ban sauko daga turmi ba sai ga motar Alhaji Badaru, wani ya riga ya kai masa. Ya fito yana faɗa tun kafin ya rufe ƙofa. Wai shi za a kunyata? Maganar da ya kashe da bakinsa a gaban dattawa, wani mai gyaran inji ne zai tono ta? Ya rantse ba mota, ba ko ruwan leda, kuma Dabo ya san ya gama koci a garin nan.

Dabo ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗawainiyar da ka yi mana Allah kaɗai zai biya ka. Bayan wasan Rogo ka ɗora wanda ka ga dama, ba zan ja ba. Amma yau dai ni ne koci, kuma ban ci goron nan ba."

A lokacin na gane abin da na gani ta tsagar ƙyaure. Na sauko daga turmi na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Washegari ni da Goggo muka raka Bahijja ofishin 'yan sanda ta faɗi nata. Dabo ya je daban ya faɗi abin da ya sani, har da hannun da ya gani a naɗe. Na roƙi Malam ya zo, ya ce, "Saude, na riga na ci goro a gaban mutane. Da wane baki zan koma?" Na ce, "Kai ka ci, Malam, ita ba ta ci ba." Bai hana mu ba, bai kuma bi mu ba. Kwanakin nan gaba ɗaya ba ya iya haɗa ido da 'yarsa.

Dabo kuwa ya sha zagi har na tausaya masa. Wasu suka daina kawo masa gyara. Aka ce shi ma Rogo ta saye shi, sai ka ce mutanen Rogo ba su da abin yi da kuɗinsu sai sayen 'yan Unguwar Hajji.

Ranar wasa suka tafi Rogo a kan babura, goyo bibbiyu, da yake mota ta ƙi samuwa. Ni Saude, da nake cewa ƙwallo aikin banza, sai ga ni a kan sallaya bayan azahar ina roƙon Allah ya ba Taurari sa'a. Ba don kofi ba. Na san in aka ci su, a kan wa za a sauke.

Aka ci su. Ci ɗaya mai ban haushi, inji masu abin.

Gab da magariba na fara jin hayaniya tana matsowa. Samari ne, waɗanda suka riga dawowa da waɗanda suka ji a waya, suka taru a ƙofar gidanmu. Malam yana masallaci. Dutse ya sauka a kan kwanonmu, wani ya biyo. Ina jin ana cewa ta fito, ta ja mana, annoba. Bahijja ta dunƙule a ƙuryar ɗaki ta toshe kunnuwa. Na ɗauki taɓarya na tsaya a cikin zaure, na ce wanda ya fara shigowa shi zai fara sanin uwar da ta haife ta.

Sai ƙarar babura. Na ce shi ke nan, an ƙaro. Na leƙa, sai na ga 'yan wasan ne da kansu, ko gida ba su biya ba, riguna jiƙe da gumi, wani gwiwa a fashe. Suka ratsa taron suka jeru a ƙofar gidanmu kafaɗa da kafaɗa, suka ba gidan baya suka fuskanci mutane. Muhsin ya ɗaga manyan hannuwansa.

"Ni aka ci! Ta ƙasan hannuna ƙwallon ta wuce, duk wanda ya je Rogo ya gani. Ba wata mace da ta tsaya mana a raga. Mai jifa ya jefe ni, ga ni nan."

Ba wanda ya motsa. Waɗannan su ne yaran da ɗazun nan ake ihun sunayensu, wa zai jefe su? Dabo ya iso daga baya yana jan ƙafa, ya shiga layin ya tsaya. Ya riƙa kallon samarin ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu shi ya koya musu buga ƙwallo tun suna tsirara. Duwatsu suka fara zubewa daga hannuwa. Da ladan ya kira salla sai kowa ya sami hanyar sulalewa da mutuncinsa.

Na dama fura cikin babbar ƙwarya na miƙa waje, na haɗa da dafaffiyar gyaɗa duk wadda ke gidan. Suka sha a tsaye kamar waɗanda suka dawo daga gayya. Na tsaya daga cikin zaure na kira shi.

"Dabo."

"Na'am, Inna."

Na shirya magana mai yawa, duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare maka naka 'ya'yan, ya haɗa su da irinka ranar da ba ka nan. Ka rasa kofi saboda 'yata."

"Amin, Inna. Kofi ai kowace shekara ana buga shi. Ni ba wani abu na yi ba, tambaya ce ba a yi ba na sa aka yi. Ki gaishe da Malama, ki ce mata fili ya zama nata."

Alhaji Badaru ya cika alkawarinsa, kafin mako ya zagayo an naɗa wani koci. Maganar Zaharaddini kuma tana hannun hukuma har yanzu, ana ɗagawa ana sawa, ban san yadda za ta ƙare ba. Dabo yana nan a rumfarsa cikin baƙin mai, da yamma yana tara ƙananan yara a bakin fadama. Na gode masa, na gode wa Goggo, na gode wa yaran nan da suka tsaya mana da gajiyarsu da baƙin cikinsu, kuma zan mutu ina gode musu.

Amma ni abin da nake jira daban ne, kuma ranar Litinin da ta biyo bayan wasan ya zo. Na fito da sassafe zan hura wuta, sai na tarar da Bahijja a tsakar gida ta yi wanka, ta sa farin hijabinta mai guga, jaka a kafaɗa. Ban tambaye ta ina za ta ba, tsoro nake kada tambayar ta mayar da ita ɗaki. Makarantar a bayanmu take, amma ƙofarta sai an zagaya ta bakin titi, ta gaban teburin mai shayi inda aka fi cin namanta.

"Bari in ɗauko mayafi in raka ki."

"A'a, Inna. Ni zan je."

Ta nufi zaure, sai ta ci karo da Malam a tsaye, fartanya a kafaɗa, kamar ya daɗe yana jira. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, wannan karon yana kallon fuskarta. Suka fita tare, na bi su har bakin ƙofa. Gonarmu ta hanyar Kwanyawa take, hannun hagu, sai na ga ya juya dama.

"Baba, ai gona ba ta nan take ba."

"Na sani. Wuce gaba."

Ta tsaya tana dubansa, don a gidanmu ɗa ba ya shiga gaban uba a hanya. Ya sake cewa, "Wuce, Malama." Ta gyara jakarta ta wuce. Na tsaya riƙe da ƙyaure ina kallonsu suna tunkarar teburin mai shayi, benci cike da maza, ita a gaba kai a ɗage, ubanta yana biye da ita.